Dama da Hagu a Magazin

Tun daga kwanar Suame muka ji ta,
kafin mu gan ta.
Duk karya kan da aka yi sai ta yi kuka,
kukan akuyar da igiya ta shaƙe.
Masta Gariba bai ɗago daga kokonsa ba.
Ya ce, "Ƙishirwa ce. Mumuni, kawo jek."

Maame Serwaa ta sauko tana murza kafaɗa,
doyar Techiman na jibge a baya.
Mako uku, in ji ta, tana kokawa da sitiyari
kamar mai tuƙa tuwon gidan suna.
"Me kike zuba mata?"
"Abin da na samu."
Masta ya ce to, bai ƙara ba.

Ya buɗe murfi, ya tsoma yatsa, ya kai hanci.
Man da aka haifa ja kamar zoɓo
ya koma ruwan kwatar Aboabo,
har da ƙauri.
Ya murza shi a rana, ya nuna mini
'yan taurari a kan yatsarsa.
"Ƙarfe ne. Famfo ya fara cin naman jikinsa."

Na zuƙe tsohon da sirinji
cikin gorar da muka yanke wa wuya.
Na kwance tiyon dawowa,
ya tofa mini sauran a hannun riga.
Can a gindin tanki matatar take,
'yar rariya, ba ta cika tafin hannu ba.
Shekara nawa tana tare datti a duhu,
mai motar ma ba ta san da ita ba.

Maame ta ce a wanke a mayar.
Masta ya ɗaga ta sama, rana ta ƙi ratsawa.
"Matata yau, ko famfo watan gobe. Zaɓi."
Ta kwance bakin zane tana ƙunƙuni da yarenta.

Sabuwa ta zauna. Ja ya gangara ta mazurari.

Sai nawa aikin:
in hau kujera, tayoyin gaba na lilo a sama.
"Dama! Har ƙarshe. Kar ka danne.
Hagu!"
Iskar da ta ɓuya a hanjin tiyo
tana fitowa kumfa kumfa,
shi yana ƙirgawa da ido.

Shekara uku ina nan, wannan ne tuƙina.
Gabana bangon kwano ne da kalandar bara,
amma dama, na nufi Tamale,
hagu, na kauce wa tirela a Kintampo,
dama kuma, ga ƙofar gidanmu,
ga Inna ta fito da ludayi a hannu
tana tambayar wa ya zo da mota.
Sau ashirin na je na dawo.
Ko taku ɗaya ba mu yi ba.

"Tayar."
Ya ɗora bakin sukudireba a kan famfo,
ƙotar a kunnen hagu, wanda ya rage masa.
Magazin kaf tana buga guduma,
shi shiru yake nema.
Ya daɗe.
Ya ɗiga kaɗan, mai ya taɓa layi.

Na sauke jek. Ya juya zai rufe galan,
murfin ya kuɓuce, ya ɗauka, ya sake kuɓucewa.
Yatsun nan da suka san kowane noti a garin nan
sun ƙi lanƙwasa.
Na dubi ƙasa, kamar na yar da wani abu.

Ya goge hannu a tsumma, a hankali,
sai na ji makulli ya faɗo mini a cinya.
"Fitar mata da ita bakin titi.
Ka kula da teburin mai wake."

Daga rumfa zuwa kwalta bai fi taku talatin ba.
Da yatsa biyu na juya,
ta bi ni.